Binciken tsufan karnuka, da inda namu na Kaduna suka tsaya

Duk sanda labari ya fito cewa a Amurka ana gwada maganin da zai jinkirta wa kare tsufa, amsar mutanenmu kusan ɗaya ce, wai mutum bai samu magani ba sai kare? Ni dai ban ga laifin mai faɗin haka ba, wanda ya kwana a layin asibiti da yaro a kafaɗa yana da hakkin yin wannan tambayar. Amma in aka zauna aka dubi aikin da kyau za a ga maganar ta wuce gatan kare, kuma ta shafe mu nan Kaduna fiye da yadda muke zato, don karnuka sun cika garin nan. Ka bi Barnawa ko Narayi ko Malali ko Unguwan Rimi da daddare ka ji haushi ta bayan get, tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari mutanen da a da ko kallon kare ba sa yi yanzu sun ajiye biyu, ga na 'yan farauta, ga na Fulani masu bin shanu, ga kuma na kan bola da ba su da mai su. Ko a addini ma an yarda da ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, kuma duk ɗan makarantar Islamiyya ya san labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Toh dabbar da ka ɗauko ka sa ta aiki, lafiyarta tana wuyanka har ranar da ƙarfinta ya ƙare.

Me ya sa masu binciken tsufa suka koma kan kare? Dalilin mai sauƙi ne. Shekara da shekaru da ɓeraye ake yin wannan aikin, amma ɓeran ɗakin bincike a keji yake, abinci iri ɗaya, sanyi iri ɗaya, ba rana ba ƙura ba hayaƙin janareto, kuma an haɗa jininsu har sun zama kusan abu guda, shi ya sa magunguna da yawa suke aiki a jikin ɓera in an zo kan mutum su watse. Shi kuma mutum yana daɗewa, in kana so ka san ko wani magani na ƙara kwana lafiya sai ka bi mutane shekara 30 ko 40, mai binciken ma zai yi ritaya bai ga ƙarshe ba. Kare ya faɗo a tsakiya. Gidanmu yake kwana, iskar da muke shaƙa yake shaƙa, ruwanmu yake sha, kuma cututtukan tsufansa irin namu ne, kansa, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, amosanin gaɓɓai, yanar ido, har da ruɗewar tsufa inda za ka ga tsohon kare ya tsaya yana kallon bango ko ya ɓace a tsakar gidan da ya girma a ciki, ko ya riƙa haushi tsakar dare ba dalili. A ƙwaƙwalwar irin waɗannan karnukan an samu irin daskararren sinadarin da ake samu a ta masu cutar Alzheimer, cutar mantuwa ta tsofaffi. Kuma duk wannan yana faruwa cikin shekara 10 zuwa 14, wato mai bincike ɗaya zai iya ganin haihuwa ya ga tsufa ya ga mutuwa.

Babban aikin da ake yi kan wannan shi ne Dog Aging Project, wanda Jami'ar Washington da Jami'ar Texas A&M suka jagoranta, ya samu kuɗin gwamnatin Amurka a 2018, kuma manyan da suka kafa shi su ne Daniel Promislow da Matt Kaeberlein da wata likitar dabbobi Kate Creevy. Karnuka wajen 50,000 aka yi wa rajista, kuma ba a kulle su a wani waje ba, kowanne yana gidan mai shi. In mutum ya ji an ce aikin bincike sai ya zata kullum ana cikin farin kaya ana leƙa madubin ƙwayoyin cuta, alhali yawancin aikin rubutu ne da haƙuri. Mai kare zai cike doguwar takarda duk shekara, me yake ci, sau nawa, yana fita yawo, da wa yake zaune, wane ciwo ya yi, a karɓo fayil ɗinsa daga asibitin dabbobi, wasu a ɗebi jininsu da fitsari da kashi da gashi a adana a firiza mai tsananin sanyi, sannan masu lissafi su zauna gaban kwamfuta wata da watanni suna tsefe bayanan. Likitan dabbobi a nan shi ne gadar, shi ke taɓa karen, shi ke lallashin mai shi ya dawo baɗi, shi ke kiran waya ya tambayi yadda karen ya mutu a ranar da mai shi ba ya son magana da kowa.

Abin da suka fara fitarwa yana da amfani amma yana buƙatar taka-tsantsan. A 2022 sun wallafa cewa yiwuwar ruɗewar tsufa tana ƙaruwa da kusan kashi 52 cikin 100 da kowace shekara da kare ya ƙara, kuma karnukan da ba sa motsa jiki sun ninka masu motsi sama da sau 6 wajen samun wannan matsalar. A shekarar dai sun ga cewa karnukan da ake ba abinci sau ɗaya a rana sun fi ƙarancin wasu cututtuka. Sai dai su kansu sun ja kunne, ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya, ƙila rashin motsi ne ya kawo ruɗewar, ƙila kuma ruɗewar ce ta sa karen ya daina motsi, haka ma abincin, mai yiwuwa karen da ba shi da lafiya ne ake raba masa abinci kashi-kashi saboda shan magani. Wannan rarrabewar ita ce rabin aikin mai bincike, kuma ita ce ake yankewa in labarin ya iso Facebook.

Lissafin nan ma da muka saba ji, wai shekarar kare ɗaya shekarar mutum bakwai ce, bai zauna daidai ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego sun auna wasu alamomi da ke taruwa a kan ƙwayoyin gado yayin da jiki ke tsufa, a jikin karnuka 104 irin Labrador, suka kwatanta da na mutane. Abin da ya fito shi ne kare yana gudu da wuri sannan ya lafa, ɗan shekara 1 ya yi kusa da mutum ɗan 31, ɗan shekara 4 kamar ɗan 53, ɗan shekara 10 kuma kamar ɗan 68. Iri ɗaya kawai aka auna don haka ba za a shafa wa kowane kare ba, amma ya isa ya nuna wa mai gida cewa karen gadinsa ɗan shekara 6 da yake gani kamar saurayi ya riga ya shiga shekarun da ya kamata a fara duba masa jini da haƙori.

Sai wani abin mamaki da ya fi shafarmu. A dabbobi galibi babba ya fi daɗewa, giwa ta fi akuya, akuya ta fi ɓera, amma cikin karnuka abin a juye yake, ƙananan irin su Chihuahua suna kai 14 zuwa 16, ƙattin irin su Great Dane da ƙyar suke wuce 8 zuwa 10. A 2007 aka gano cewa wani ƙwayar gado guda, mai sarrafa sinadarin girma da ake kira IGF-1, shi ke da babban kaso wajen bambancin girman karnuka, kuma manyan suna da shi da yawa a jini. Kwikwiyon da zai tashi daga ƙasa da kilo 1 ya kai kilo 60 cikin shekara ɗaya da rabi kamar ginin da aka yi da gaggawa ne don a riga damina, zai tsaya da tsayi amma shi zai fara tsagewa. Mu kuma a Kaduna me muke saye? Boerboel, Rottweiler, Caucasian, Alsatian, duk wanda ya fi girman kai da faɗin ƙirji shi ya fi tsada, wato daidai waɗanda suka fi saurin tsufa, masu fama da ciwon ƙugu da kansar ƙashi da murɗewar ciki. Shi Caucasian ma asalinsa na duwatsu ne masu ƙanƙara, gashinsa ninki biyu, ka kawo shi ka kulle a kejin ƙarfe mai rufin kwano a watan Maris da Afrilu lokacin da zafi ke neman digiri 40, shi kuma kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, wallahi wannan kaɗai yana cin shekarunsa.

A kan wannan IGF-1 ɗin wani kamfani a San Francisco mai suna Loyal, wanda Celine Halioua ta kafa, ya gina maganinsa na farko, allura ce da ke rage sinadarin a jikin manyan karnuka. A ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince cewa akwai kyakkyawan zaton maganin zai yi aiki, a 2025 ta faɗi haka kan wata ƙwayarsu ta tsofaffin karnuka, kuma suna gwaji da karnuka sama da 1,000 'yan shekara 10 zuwa sama. A lura fa, kyakkyawan zato ba cikakken lasisi ba ne, ba kuma hujja ba ce cewa an riga an ga karnukan sun ƙara shekaru, sannan kamfani ne da ke da masu zuba jari suna jiran riba, don haka ni ina karanta sanarwarsu da ido biyu.

Maganin da ya fi jan hankalin masana shi ne rafamaisin. Daga ƙasar wani tsibiri mai nisa a tekun Fasifik aka samo shi, Rapa Nui, wata ƙwayar bakteriya ce ke yin sa, kuma tun 1999 ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kar jikinsu ya ƙi sabuwar ƙodar. A cikin kowane ƙwayar halitta akwai wani makunni da ke cewa ko a yi ta girma da ƙera sabon abu, ko a dakata a kwashe abin da ya lalace a gyara, shi rafamaisin yana karkatar da shi zuwa gyaran. A 2009 aka ba tsofaffin ɓeraye, 'yan kwana 600, sai ga shi sun ƙara kwana, mata da kusan kashi 14 maza da kusan kashi 9. Yanzu ana gwada shi a karnuka 'yan shekara 7 zuwa sama masu nauyin aƙalla kilo 20, ana neman 580, ƙwaya sau ɗaya a mako har shekara guda sannan a bi su shekara biyu. Rabi ana ba su maganin gaske rabi ƙwayar da ba komai a ciki, kuma daga mai karen har likitan ba wanda ya san wacce aka ba wa, saboda mai kare in ya san ya ba da magani mai tsada dole idonsa ya ga sauƙi ko babu. Har yanzu ba a kammala ba. Kuma don Allah kar wani ya je kemis neman sa, magani ne da ke danne garkuwar jiki, karen da ke yawo cikin kaska da tsutsa in ka danne masa garkuwa ka gama da shi.

Toh amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai, hujja mafi ƙarfi da ake da ita zuwa yau ba ta ƙwaya ba ce ba ta allura ba, ta kwanon abinci ce. Kamfanin Purina ya ɗauki karnuka 48 irin Labrador tun suna 'yan mako 8, aka haɗa su biyu-biyu 'yan uwa ɗaya, ɗaya ya ci yadda aka saba ɗayan a rage masa kashi 25 cikin 100, aka bi su shekara 14 aka wallafa a 2002. Waɗanda aka rage wa sun kai tsaka-tsakin shekara 13, masu ƙoshi 11.2, kusan shekara 2 kenan, kuma ciwon gaɓɓai ya makara kafin ya kama su. Ba yunwa aka sa musu ba, an dai hana su ƙiba ne. A gidajen masu hali nan garin kuwa ƙiba ita ce abin alfahari, ka ji ana cewa kai wannan kare ya ji kiwo, alhali in ka shafa gefensa ba ka jin haƙarƙari sai kitse. Ma'aunin da likitoci ke bayarwa shi ne ka ji haƙarƙarin da yatsa ba tare da ka danna ba, in ka dube shi daga sama kuma ka ga ƙugu ya ɗan shiga.

Nan ne kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin karnukanmu ba sa ma kai wa inda za a yi maganar tsufa. Kwikwiyo ya zo gida ba rigakafi, cikin mako biyu cutar hanji da ake kira fabo ta kama shi, amai da zawon jini, ya mutu. Wanda ya tsallake sai kaska, ita kuma ba jinin da take sha ne kawai matsala ba, tana sa ƙwayoyin cuta masu fasa jini, ka ga dasashi ya yi fari fitsari ya yi ja kare ya ƙi abinci, in an yi sake ko ya warke ƙoda da saifa sun riga sun taɓu. Ga tsutsar ciki, ga ƙazuwa, ga tsutsar ƙuda da ke shiga fata da damina, ga wata kansa ta al'aura da ke bin barbara wadda ita kanta ƙwayar kansar ce ke tsallakawa daga kare zuwa kare, kuma masana sun gano daga jikin kare ɗaya ta faro dubban shekaru da suka wuce, tana warkewa da allurai amma sai an kai asibiti. Karya da ba a cire wa mahaifa ba in ta manyanta mahaifar na iya cika da mugunya ta kashe ta cikin kwanaki. Sannan ga namu hannun, mai gadi ya ga kare na ɗingishi ya ba shi ibuprofen ko diclofenac, waɗanda ke huda cikin kare su lalata ƙoda, ko a sayo allurar sammore ta shanu a kasuwa a ɗura masa da ka, ita kuwa in ta ɗan wuce ƙa'ida ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ko ragowar miya da ake juye masa, albasa da yawa na fasa wa kare jini. Kan gaba da duka ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma an san in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi cutar na yankewa. Karen da ya daɗe a gida da rigakafinsa katanga ne ga yaran unguwa, in ya mutu da wuri aka kawo sabon kwikwiyo mara allura an koma farko, ka ga tsawon ran kare ya shiga maganar lafiyar mutane kai tsaye.

Ba wai ba mu da masana ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin tsofaffi a ƙasar nan, da asibitin koyarwarta, ga cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom tun 1924 wadda ke yin alluran rigakafi har da na haukan kare, ga cibiyar binciken sammore a nan cikin Kaduna, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika. Amma ƙarfinsu ya fi karkata kan shanu da kaji da awaki, kuma da dalili, nan abinci da arzikin talaka yake. Shi ya sa yaron da ya gama digirin likitan dabbobi na shekara 6 in ya ce tsufan kare yake son bincika, tambayar farko wa zai ba shi kuɗi, ta biyu ina wutar da za ta riƙe firiza shekara 10 ba tare da samfurin jini ya narke ko sau ɗaya ba. Ko can Amurka ma kuɗin ya girgiza, aikin da ya ci sama da dala miliyan 28 aka wayi gari a ƙarshen 2023 ana gaya musu da wuya a sabunta tallafin, sai da suka koma neman gudummawar jama'a, bincike mai dogon zango haka yake, sakamakon na zuwa a makare masu ba da kuɗi kuma suna son gani yanzu.

Duk da haka ina ganin akwai abin da muke da shi da su ba su da shi, wato karen gida, wannan siririn ja ko fari-fari mai miƙaƙƙen kunne da ake rainawa. Mafi yawan karnukan duniya irinsa ne, na ƙauye masu yawo, ba masu takardar asali ba, amma kusan duk abin da aka sani kan tsufan kare daga na Turai da Amurka aka samo, waɗanda aka yi ta haɗa jininsu cikin dangi har cututtukan gado suka taru musu. A 2009 Adam Boyko da abokan aikinsa sun auna karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya suka samu jininsu na da faɗi ƙwarai. Mafarauta za su gaya maka nasu sun fi jure kaska da zafi da doguwar tafiya, kuma ina jin suna da gaskiya, amma magana ce ta baki, tambayar da ta dace da ɗan bincike ita ce in aka ba karen gida rigakafi da maganin tsutsa da abinci daidai, shekara nawa zai kai, me zai kashe shi a ƙarshe, ƙodarsa da zuciyarsa ya suke a shekara 10 in an kwatanta da Boerboel ɗin gidan maƙwabci.

Wannan aikin ba da rafamaisin zai fara ba, da kati zai fara. Ka shiga asibitin dabbobi likita ya ce Alhaji shekarunsa nawa, sai a ce ai tun kafin korona yake nan, ko a kira mai gadi a tambaye shi, in ya mutu kuma a kai bola ko a binne ba wanda ya sanar da asibitin, fayil ɗin ya tsaya a allurar ƙarshe. Da asibitocin dabbobi na Kaduna da Zariya da Kafanchan za su yarda da tsarin rubutu ɗaya, ranar haihuwa ko ranar da aka kawo shi, iri, nauyi a kan sikeli duk zuwa, rigakafi, ciwon da ya yi, da kira ɗaya a shekara a ji yana raye ko ya mutu da me, a haɗa da kamfen ɗin rigakafin haukan kare da ake yi wajen 28 ga Satumba don a samu na 'yan farauta da na ruga su ma su shiga, ɗaliban digiri na biyu a Zariya su riƙa tsefe bayanan, ba sai an nemi firiza da janareto ba, waya da littafi da sikeli kawai ake buƙata.